Tsakanin cika filin wasa da barin abin tunawa: Wane ne gwanin mawaƙi?

Daga Sakasaka, Tamale

Idan aka ambaci sunan Shata a majalisar matasa a nan Sakasaka ko a Hausa Zongo, akasarinsu hankalinsu zai tafi ne kai tsaye ga Shatta Wale, mawaƙin nan na Accra. Sai an matsa zuwa wajen dattawa masu zama a ƙofar shago bayan sallar La'asar sannan za a tarar da waɗanda sunan ke tuna wa Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar 18 ga watan Yunin 1999, amma har gobe ba a rasa muryarsa a gidajen rediyo da wayoyin hannu daga Kano har Kumasi. Wannan karon suna yakan ba mutane dariya, sai dai a ƙarƙashinsa akwai wata gardama da ta daɗe ana tafkawa a wuraren shan shayi da tashoshin mota na garin nan, wato wane ne ya cancanci a kira shi gwanin mawaƙi, kuma da wane mudu ake auna shi?

Matasa dai nasu mudun a fili yake. Wa ya cika filin wasa? Wa ya ciyo kyauta a Accra? Waƙar wa aka fi kallo a YouTube? Su kuwa dattawa sukan kaɗa kai kawai su ce ai waƙa ta tafi da masu ita. Mu a namu ganin kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani, kuma maganar ta wuce ta hira, domin akwai yara da dama a unguwanninmu da ke zuba ɗan abin da suka samu na acaɓa ko ɗinki a sitidiyo, da zaton cewa da zarar jama'a ta yi tafi to an gama. Ya kamata a gaya masu gaskiyar abin da suke nema.

Farin jini ba abin rainawa ba ne

Bari mu fara da ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Mujahid Ahmed Bello, wanda duniya ta sani da Fancy Gadam, ɗan Hausa Zongo ne a nan Tamale. Tun daga shekarar 2016 ya nuna cewa mawaƙin da ke rera waƙa da Dagbanci zai iya tara jama'a a babban filin wasa na Tamale, filin da aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, mai ɗaukar mutum kusan 20,000, wanda daga baya aka sa wa sunan marigayi mataimakin shugaban ƙasa Alhaji Aliu Mahama. A 2017 ya samu kyautar sabon mawaƙin da ya fi fice a bikin karrama mawaƙan Ghana, sannan a 2018 waƙarsa "Total Cheat", wadda ya yi tare da Sarkodie, ta zama waƙar shekara. Duk wanda ya san yadda 'yan kudu suka daɗe suna kallon waƙar arewa a matsayin kiɗan ƙauye, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin shi Sheriff Ghale ya share fage, lokacin da waƙarsa "Sochira" ta ci kyautar waƙar rege a 2005. Ga kuma Maccasio, wanda gasar da ke tsakanin magoya bayansa da na Fancy Gadam ta sa har masu harkar waƙa na Accra suka fara tambayar me ke faruwa a Tamale.

To amma taron jama'a yana da dalilai da yawa, kuma ba dukkansu ne suka shafi waƙar kanta ba. Akwai talla, akwai kuɗin masu ɗaukar nauyi, akwai dacewa da lokaci, akwai kuma kishin gida. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi cincirindo a filin wasan nan sun je ne domin su nuna wa kudu cewa arewa ma ta isa, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sai dai kishin gida yana iya cika fili, ba ya iya sa waƙa ta rayu bayan an kwashe kujeru. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ita kanta kalmar "gwani" da muke jefa wa kowa yanzu tana da nauyi a wurin da ta fito. A tsarin karatun tsangaya na ƙasar Hausa da Borno, ba a kiran mutum gwani don yawan almajiransa, sai ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, manyan alarammomi sun zauna sun gwada shi sun tabbatar. Ba muna haɗa waƙa da Littafin Allah ba ne, Allah Ya kiyaye. Kalmar kawai muke dubawa, domin a ga cewa asalinta laƙabi ne da masana abu ke bayarwa bayan gwaji.

Abin da Shata ya yi da kalangu

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Ba gidan makaɗa ya fito ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, domin a wancan zamani ana kallon roƙo a matsayin sana'ar da ba ta dace da ɗan gidan mutunci ba. Ya taɓa tallar alewa da goro, goron nan da kakanninmu suka yi ta safara daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa ta kasuwar Salaga, kafin waƙa ta rinjaye shi baki ɗaya. Ya yi sama da shekara 50 yana yin ta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar MON, kuma a 2006 aka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa. Amma duk waɗannan sun biyo baya ne. Abin tambaya shi ne me ya yi da har aka ga ya cancance su.

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sukan raba waƙa zuwa gindi da ɗiya. Gindi shi ne layin da ake komawa gare shi, ɗiya kuma su ne baitocin da jagora ke jerawa a tsakani. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sukan tsara waƙa tare da yaransu, a maimaita ta har ta zauna, jagora ya ɗauko magana 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa. Aiki ne na saƙa, mai kyau ƙwarai, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Shi kuwa Shata sai ya bi wata hanya. Gindin waƙarsa gajere ne, 'yan amshinsa ba su da wani aiki sai su maimaita shi a kan kiɗan kalangu, su sake maimaitawa. Ma'ana, duk nauyin waƙar yana wuyan mutum ɗaya. Babu inda zai laɓe. Idan maganarsa ta ƙare, to kowa a filin zai ji ta ƙare.

Kuma ba ta ƙarewa. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, a gaban wanda ake yi wa ita, ba tare da ya zauna ya tsara ba. Duk mai tsoffin kaset-kaset a gida zai iya gwada abin da muke faɗa: a samo ɗauka biyu na waƙa ɗaya da ya yi a wurare daban-daban, za a ji gindin bai sauya ba, kiɗan bai sauya ba, amma ɗiyan sun bambanta, domin mutanen da ke gabansa sun bambanta. Ya ga wani ya shigo, sai ya saka shi a ciki. Ya tuna wata tafiya, sai ta zama baiti. Shi ya sa yawan waƙoƙinsa ya kai dubbai, har shi kansa ya sha nuna cewa bai riƙe adadinsu ba.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda yake ajiye kalma a kan kiɗa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalangu kuma ganga ce da ake matse tsirkiyarta a hammata domin ta kwaikwayi wannan hawa da sauka. Mawaƙin da bai ƙware ba yakan murɗe kalma domin ta shiga kiɗa, har ma'anarta ta gurɓace. Shata kuwa kamar hira yake yi. Yakan jinkirta, ya bar kalangu ya wuce, sannan ya cim masa a daidai inda ba a zata ba, kuma ko kalma ɗaya ba ta karye ba. Wanda bai iya Hausa sosai ba ma yana jin kowace kalma tasa, abin da ya sa ya samu masoya a zangunan Ghana, inda Hausar da yawa daga cikinmu ta kasuwa ce.

Sannan babu abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da sojojin da suka yi yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo, ya kai labarin ga mutanen da ba su taɓa ganin talabijin ba. A Bakandamiyarsa kuwa kansa ya wasa, ya jera garuruwan da ya taka da mawaƙan da ya ce ya kere wa.

Amma hujja mafi ƙarfi a wurinmu ita ce wannan. Mutum nawa ne a Tamale suka taɓa zuwa Gwandu? Duk da haka akwai dattawa a garin nan da suka san sunan Umaru Ɗan Ɗanduna kamar maƙwabcinsu ne. Wa zai tuna da Hassan Sarkin Dogarai a wajen Kano in ba don Shata ba? "Gagarabadau" zambo ce, amma yawancin masu sauraronta a yau ba su damu da sanin wanda aka yi wa ita ba, daɗin maganar ya ishe su. Waɗanda suka ba da riga ko doki ko mota aka yi masu waƙa, rigar ta yage, motar ta zama kwangiri, su kansu sun riga mu gidan gaskiya, waƙar kuma tana nan. A taƙaice maroƙi ne aka biya ya yi yabon kwana ɗaya, sai ya bayar da abin da ya fi mai biyan tsawon rai. A nan ne muke ganin bambancin mai farin jini da gwani.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da ya fito daga bakin Shata zinariya ne. Wanda ya yi waƙa dubbai dole a samu na cike gurbi a ciki, kuma akwai su, waɗanda ba komai a cikinsu sai jerin sunayen masu kyauta. Waƙarsa da ta wanke masu shan giya ta ɓata wa malamai rai, kuma suna da hujjarsu. Zambonsa ya sa manyan mutane da dama sun riƙa ba shi kyauta don tsoro, ba don ƙauna ba. Gwaninta daban, kyawun hali daban, kuma ba mu ga amfanin a riƙa cakuɗa su don mutum ya mutu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa.

Gwanayen da ke bayan gidanmu

Ba sai mun je Katsina neman misali ba. A nan ƙasar Dagbon akwai makaɗan gado da ake kira lunsi, masu kaɗa lunga, wadda 'yar'uwar kalangu ce ta haihuwa, tare da gungon mai kama da gangarmu. Suna danganta asalinsu ga Bizung, ɗan Naa Nyagsi, kuma babban shugabansu shi ne Namo-Naa. Yaron gidan lunsi tun yana ƙarami ake rataya masa 'yar ƙaramar lunga, ya yi shekaru yana bin manya gidan biki da gidan makoki da kasuwa, da dare kuma a zaunar da shi a biya masa sunayen sarakuna da 'ya'yansu da jikokinsu, gari bayan gari.

Sakamakon wannan horo kowa a Tamale ya gan shi, sai dai sabo ya sa mun daina mamaki. Mutum zai shigo taron biki, makaɗi ya dube shi sau ɗaya, ya kaɗa masa taken kakansa, ka ga dattijo ya miƙe yana laluben aljihu idonsa ya kawo ruwa. A lokacin bukukuwan Sallah biyu kuma akwai abin da ake kira samban lunga, inda makaɗi guda zai zauna a ƙofar fadar babban sarki ya rera tarihin masarauta tun daga dare har gabanin asuba, ba takarda, ba hutu na kirki, a gaban mutanen da ke jiran ya yi tuntuɓe ko da a suna ɗaya ne. Kiɗan rawa irin su Nagbiegu da Naanigoo, waɗanda aka gina a kan taken Naa Abdulai da Naa Andani, sun haura shekara 100 ana taka su, alhali babu kaset ɗin da ke ɗauke da sunan makaɗin da ya fara tsara su.

Waɗannan sunaye biyu kuma su ne tushen gidajen sarauta biyu na Yendi, kuma duk wanda ya zauna a Tamale bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a watan Maris na 2002, da dokar hana fita da ta biyo baya, har zuwa naɗin Ya-Na Abukari Mahama na biyu a Janairun 2019, ya san abin da kalma ɗaya a wurin da bai dace ba take iya jawowa. Makaɗin da ke riƙe da tarihin gidajen biyu a kansa, dole ya san abin da zai faɗa, a gaban wa, da kuma inda zai ja bakinsa. Wannan ma wani ɓangare ne na gwaninta, wanda ba a koyar da shi a sitidiyo.

Sai dai ko a cikin lunsi ba kowa ne gwani ba, kuma su da kansu sun fi kowa sanin haka. Hadda kaɗai ba ta isa ba. Akwai wanda ya san sunayen duka amma idan ya rera sai barci ya kwashe jama'a, akwai kuma wanda zai ɗauko labarin da kowa ya sani ya juya shi har ka ji kamar yau ka fara jin sa. Wani Ba'amurke mai suna John Chernoff ya zo Tamale a shekarun 1970 ya yi almajirci a hannun Alhaji Ibrahim Abdulai, ya kuma fitar da littafi a 1979 wanda ya yi suna a jami'o'in duniya. Daga cikin abin da ya koya a wurin malamin nasa akwai cewa saurayi da ƙarfi yake dukan ganga, dattijo kuwa da natsuwa, kuma na dattijon ne ke sa mai rawa ya ji daɗin taka ƙafa. Alhaji Abubakari Lunna ya koyar da kiɗa a Jami'ar Tufts ta Amurka. Salisu Mahama, mai gonje, wato gogen Dagombawa wanda waƙoƙinsa da dama ke ɗauke da Hausa a ciki, ya yi aiki a Jami'ar Ghana da ke Legon. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa cika filin wasa. Daga wata duniya aka riƙa zuwa ana durƙusa masu.

Tsirkiya ɗaya, tsirkiya biyu

Akwai wani gwaji mai sauƙi da za a iya yi wa kowane mawaƙi, shi ne a rage masa kaya a ga abin da ya saura. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, ba shi da 'yan amshi, ba shi da makaɗa. Kuntigi ne kawai, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya da za a iya sakawa a aljihun babbar riga. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata, ya yi wa talaka da mai kuɗi, yana sauya murya shi kaɗai ya zama miji ya zama mata. Ya ɗauki mutanen da ba su da abin ba maroƙi ya mai da su abin waƙa, wanda kafin shi ba a saba ba.

A nan Ghana ma mun ga irin haka. King Ayisoba, Bafarafare daga yankin Bongo, da kologo mai tsirkiya biyu ya shiga Accra a lokacin da kowa ke rububin kiɗan kwamfuta, kuma a 2007 waƙarsa "I Want to See You My Father" ta zama waƙar shekara a ƙasar nan. Turancinsa na kasuwa ne, muryarsa wani lokaci kamar ta tsoho wani lokaci kamar ta yaro, amma babu wanda zai ji shi ya ce wani yake kwaikwayo. Kayan kakanninsa ya ɗauko, ya faɗi damuwar yau da su, har Turawa suka riƙa gayyatarsa ƙasashensu. Ko za a kira shi gwani ko ba za a kira ba, ya ci wannan gwaji.

Yanzu a kwatanta da abin da muke gani a wasu wasannin da ake shiryawa a garin nan, inda ake sa waƙar da aka riga aka ɗauka, mawaƙi yana tsalle yana motsa baki a kanta. Ranar da wuta ta ɗauke ko janareta ya tsaya, sai ka ga tauraro ya koma yi wa jama'a ihu su ɗaga hannu, domin muryar da aka sani tasa ce tana cikin na'ura. Ba na'urar ce abokiyar gaba ba. Shata kansa rediyon Kaduna da faifan garmaho da kaset ne suka kai shi inda ƙafarsa ba ta taka ba. Amma shi na'ura ɗaukar abin da ke akwai ta yi, ba ita ta ƙera shi ba.

Ko malamai sun san wannan sirri

Mazauna Sakasaka ba sa bukatar a gaya masu matsayin malamai da yawa a kan kiɗa, domin a unguwar nan ce marigayi Afa Ajura ya kafa makarantar Anbariyya, kuma an san shi da tsananin suka ga al'adun da yake ganin sun saɓa wa Sunna. Amma abin lura shi ne, shi kansa da ya tashi isar da wa'azinsa ga talakawan da ba su iya Larabci ba, waƙe ya tsara da Dagbanci, almajirai suka haddace, mata suka riƙa rerawa a cikin gida. Ya rasu a 2004, baitocin suna nan a bakin mutane, har an fassara su zuwa Turanci an buga a Amurka. Kafin shi an yi Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga sannan ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, wanda waƙoƙinsa na Hausa a kan talauci da kuma zuwan Nasara har yanzu ake nazari. Su ba makaɗa ba ne, kuma ba za su so a jera su da makaɗa ba. Mun kawo su ne domin sun tabbatar da abu ɗaya: maganar da aka ɗaura da kyau ita ce ke zama a ka, ko da an so a manta da ita.

To ina matsayin 'yan yau?

Idan aka tambaye mu ko Fancy Gadam ko Maccasio ko wani daga cikin sa'o'insu gwani ne, amsarmu ita ce sun yi abin da ba a taɓa yi ba ta fuskar buɗe kasuwa da ɗaga darajar harshen gida, amma hukuncin gwaninta ba a yanke shi da ƙuri'ar saƙon waya, ba kuma a yanke shi mawaƙi yana tsakiyar ganiyarsa. Abin da za mu sa wa ido shi ne ko wata magana tasu za ta fita daga waƙa ta shiga bakin mata a kasuwar Aboabo, su riƙa yi wa juna habaici da ita ba tare da sun tuna mai ita ba. Za mu duba ko yaron da ba a haifa ba lokacin da aka cika filin wasa zai nemi waƙar da kansa. Za mu kuma saurara mu ji ko kiɗan lunga da gonje da suke ɗan yayyafawa a waƙoƙinsu ado ne kawai na nuna an fito daga arewa, ko kuwa sun shiga cikinsa sun fito da wani abu da ba Accra ba, ba Legas ba, ba kuma na kakanni zalla ba.

Su ma mawaƙanmu na Hausa a zango wannan tambaya tana kansu, wataƙila ma fiye da kowa. Tun shekarun 2000 da finafinan Kano suka cika shagunan kaset na garin nan, yawancin abin da yaranmu ke rerawa kwafin nanaye ne na fiyano, da Hausar da ba tasu ba, a kan soyayyar da ba irin tasu ba. Alhali Hausar zango tana da nata ɗanɗano, ta sha Dagbanci ta sha Tuwi ta sha Turanci, tana da barkwancinta da zaginta da ba a sani ba a Kano. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Har yanzu muna jiran wanda zai ɗauki wannan Hausa tamu yadda take, ba tare da jin kunya ba, ya yi mata abin da Shata ya yi wa ta Katsina.

Gidajen rediyon garin nan suna da rawar takawa, domin dattawan lunsi da masu gonje suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu da dama kuma makaranta da neman abinci sun raba su da zaman dare na koyon tarihi. Awa ɗaya a mako da na'urar ɗaukar murya sun isa a fara adana abin da ke kansu. Shi kuma matashin da ke tara kuɗin sitidiyo, idan Sallah ta zo ya tambayi inda za a yi samban lunga a bana, ya je da tabarmarsa ya kwana yana saurare. Ba a sayar da tikiti, kuma daga Tamale zuwa Savelugu bai kai tafiyar awa ɗaya a babur ba.